Rasuwar Kabad ɗin Katunan Ma'aikata

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Malam Ashafa Labaran, akawun ma'aikata a wata masaƙa da ke Sharada, yake sanar da rasuwar kabad ɗinsa na ƙarfe mai durowa goma sha biyu. Ya cika ranar Litinin, bayan shekara goma sha bakwai yana riƙe da katin duk wanda ya ƙarar da ƙarfinsa a gidan.

Marigayin mai riƙon amana ne. Ko an ɗauke wuta bai taɓa ɓatar da sunan kowa ba. Ba shi da yawan magana: in an ja shi ya ce "ƙiiii", in an tura ya ce "garam".

Ciwon ajali ya soma ne da daminar 1988, da kamfani ya sayo kwamfuta. Injiniya Habila, wanda aka turo ya haɗa ta, ya ce ba za ta ɗauke komai da komai ba, sai abin da aka fi dubawa. Ya kafa kujera kusa da marigayin, mako biyu yana jan layi a takarda duk sa'ad da aka buɗe durowa. Ta masu makara da fashin aiki ce ta zo ta ɗaya, don manaja ba ya rabo da ita, har mariƙinta ya goge yana sheƙi. Ta waɗanda za a sallama ke bi mata. Ta can ƙasa kuwa, ta waɗanda inji ya cinye wa yatsu da waɗanda ƙurar auduga ta lalata wa huhu, sau ɗaya tak aka ja ta, ranar da Jummai, matar marigayi Sule mai rini, ta zo neman shaidar aikin mijinta.

Malam Ashafa ya ce, "Injiniya, mutane ne fa a ciki." Habila ya ce shi ƙirga aka sa shi.

Kabad ɗin ya rasu ya bar mabuɗi guda, da katuna dubu uku da kwamfuta ba ta karɓa ba, da shi Malam Ashafa, wanda aka sallama a ranar. Da hannunsa ya saka katinsa a durowar sallama, ya rufe.

'Yan gwangwan za su ɗauki gawar ranar Alhamis da hantsi. Katunan kuma za a zuba su a wutar tukunyar masaƙa bayan azahar. Malam Ashafa zai karɓi gaisuwa a bakin ƙofa, tunda cikin masaƙar ya fi ƙarfinsa yanzu. Duk wanda ya bar yatsa a gidan nan, ya hanzarta ya karɓi katinsa kafin a kira salla. Bayan haka, bai taɓa aiki a nan ba.