Ranar da Sabon Shugaba Ya Taka Rawa

Mako guda na yi ina shiga aji da hula har kunne, duk zafin nan da ake yi ban cire ta ba. Ɗalibai suka yi ta kallon juna, ni kuma na yi ta rubutu a allo kamar ban gani ba. Ku dai masu karatu ba zan ɓoye muku ba: rabin kaina a aske yake, ɗaya rabin yana nan yadda yake, a tsakani kuma injin aski ya share wata hanya daga ƙeya zuwa goshi, wadda keke zai iya bi ba tare da ya taka ciyawa ba.

Wanda ya yi mini wannan aika-aika ba baƙo ba ne. Yayan matata ne, mai shagon aski a bakin layinmu, wanda duk gari ke kira Baban Ganga don shi ke kaɗa wa ƙungiyar ƙwallonmu ganga a filin wasa, ni kuma nake ce masa Yaya. Yana cikin yi mini aski rediyon shagon ta ba da sanarwa cewa sababbin shugabannin ƙungiyar ƙwallonmu za su hana shiga filin wasa da ganga, domin an sayo lasifikoki na zamani da za su riƙa yi wa 'yan wasa tafi da shewa. Nan take hannun Yaya ya tafi inda ya ga dama. Ya kashe inji, ya koma bencin masu jiran layi ya zauna, ya bar ni da ƙyalle a wuya ina kallon ikon Allah a madubi. Zuwa wurin wani mai aski kuwa, ga mutumin da ke auren ƙanwar mai aski, neman rigima ne a gida. Shi ya sa hula.

Bari mu bi abin daki-daki, yadda nake yi wa yara.

Tsohon Shugaba, Allah ya tsawaita masa hutu, ya daɗe a kan kujera har yaran da aka haifa farkon zuwansa suka fara zuwa wurin Yaya gyaran gemu. A zamaninsa kofi ɗaya ne ya shiga ofishin ƙungiya, shi ma na shan shayi. Da abin ya ishi magoya baya sai suka shirya waƙar roƙonsa ya sauka. Ya sa aka hana waƙar, duk wanda aka ji ta a bakinsa masu gadi su raka shi waje. Yaya bai yi gardama ba. Ya ajiye kalmomin, ya bar kiɗan: wani bugu mai nauyi, a hankali, sai ɗan gudu a ƙarshe. Da an ji shi kowa ya cire hularsa ya riƙa kaɗawa sama yana fuskantar rumfar manya, kamar yadda ake yi wa matafiyi a tasha. Mara hula ya kaɗa hankici. Muna kiransa kiɗan sallama, kuma ana yin sa ne duk lokacin da aka zura mana ƙwallo. Da yake ana zura mana a kai a kai, kiɗan ya zauna a hannun Yaya fiye da almakashi.

A ƙarshe dai Tsohon Shugaba ya tafi. Kujera mafi laushi aka ba shi a wani wuri, amma kada ku faɗi haka a gaban Yaya, shi ya yi imani ganga ce ta ɗaga shi.

Sai ga Mai Girma Sabon Shugaba, Allah ya ƙara wa motarsa sanyi. Shagon aski ya rabu biyu. Tela maƙwabcin Yaya, mutum mai saurin sa rai, ya ce yana ji a jikinsa za a sayo mana ɗan wasan gaba mai ƙafa kamar guduma, kuma wataƙila a ba tela na gida ɗinkin rigunan 'yan wasa. Mai faci kuwa, wanda shi ke jinyar tayoyin motar ƙungiya, ya ce shi ba ya sauraron jawabi, taya yake dubawa. Ya ce tayar baya ta hagu yanzu faci ya fi roba yawa a jikinta, ranar da ya ga an sauya ta, ranar zai san an yi sabon shugaba. Wasu na tsoron a sayar da golanmu, wanda shi kaɗai ne dalilin da ya sa ake iya ƙirga ƙwallayen da ake ci mu. Ni a tsakiya nake, ina ba kowa makinsa.

Kuma a yi adalci, Mai Girma bai zauna ba. A watansa na farko ya sauya tambarin ƙungiya, zakin da ke jiki ya ƙara ƙiba. Ya kwashi kwamiti suka tafi ƙasar waje nazarin yadda ciyawa ke tsirowa, suka dawo da tabbacin cewa ruwa take so. Ya kafa ƙaton allo mai haske a filin wasa, wanda ba ya nuna sakamako sai fuskarsa tana murmushi, abin da na ga hikima a cikinsa, don sakamakon namu ba abin haskawa ba ne. Ragar gefen gabas dai tana nan da ɓularta, in ƙwallo ta wuce sai alƙalin wasa ya tambayi masu sayar da ruwa ta ina ta bi. Motar ƙungiya kuma ta wuni a layin mai da 'yan wasa a ciki, suka ƙarasa filin da turi, koci ya ce ya wadatar a matsayin motsa jiki. Sannan aka naɗa Babban Mai Ba Shugaba Shawara Kan Harkokin Tafi da Shewa, shi ne mai sanarwar rediyo.

Wurinsa muka je da Yaya, ni ne kakaki, tunda an ce malamin makaranta ya iya jera magana. Muka same shi a ofis mai sanyi, kwalayen lasifika jibge a bayansa. Na yi bayani cikin ladabi, da gabatarwa da gundarin magana da kammalawa. Ya saurara yana latsa waya. Ya ce zamani ya wuce fata da sanda, kuma ya san tarihin gangar nan sarai, shi ma da can a cikinmu yake zama kafin Allah ya ɗaga shi. Amma albarkacin furfurar Yaya zai yi mana alfarma guda: ranar da za a tarbi Mai Girma a filin wasa a shigo da gangar. In ta iya yabo kamar lasifika, ta zauna. In ta kuskura ta yi abin da ta saba, ta koma gida ke nan.

A hanyar dawowa na yi ta ba Yaya haƙuri, na ce ko an hana gangar ai zai iya zuwa ya yi kallo kamar kowa. Ya tsaya cak a gefen titi.

"Malam, kallon me? Ni ban taɓa ganin an ci ƙwallo ba. Baya nake juya wa fili, ku nake kallo. A fuskarku nake ganin wasa. In an raba ni da ita, me zan je yi?"

Na gyara zaman hulata, muka ci gaba da tafiya.

Yaya ya rufe shago, ya tare a ƙofar gidana kullum da la'asar yana koyon sabon kiɗan yabo, mai sauri, mai fara'a. Matata ta leƙo ta ce ita dai kamar ana kakkaɓe katifa take ji. Tela ya ce ya yi daɗi. Mai faci ya ce hannu ba ya mantuwa, a dai yi addu'a kada a ci mu ranar. Na ɗan tuna wa Yaya batun kaina, ya ce in bari hankalinsa ya kwanta, sai dai in ina son hanya ta biyu.

Ranar ta zo. Fili ya cika, Mai Girma ya iso da jerin motoci, aka yi jawabai har 'yan wasa suka zazzauna a ƙasa. An yi mana alkawarin kofi, da sabon fili, da ciyawar da za ta zama abin koyi. Yaya ya saki kiɗan yabo, ya kuwa fita tsaf, na ga Babban Mai Ba Da Shawara yana gyaɗa kai daga rumfar manya. Aka take wasa. Har hutun rabin lokaci golanmu yana ta tare mana mutunci, Yaya yana ta zufa yana yabo.

Bayan an dawo, baƙi suka sami bugun kusurwa, wani dogo ya sa kai, ƙwallo ta shige raga, ta tsakiya, babu buƙatar tambayar masu ruwa. Mai kula da lasifika, wanda aka koya wa cewa in ƙwallo ta shiga a danna, ya danna. Tafi da shewa suka cika fili, mu muna zaune shiru muna sauraron yadda ake murnar cin mu da kayan ƙungiyarmu. Ana cikin haka aka ɗauke wuta. Janareta kuma, daga baya muka ji, jarkarsa na can a layin mai. Allon fuskar Mai Girma ya mutu, lasifika ta yi tsit.

A cikin shirun nan Yaya ya dubi fuskokinmu, ya karanta abin da ya saba karantawa. Na ga idonsa yana cewa a'a, amma hannunsa bai nemi shawararsa ba. Bugun nan mai nauyi ya sauka. Kafin ɗan gudun ƙarshe ya zo, huluna sun tashi sama daga wannan kusurwa zuwa waccan, duk ana fuskantar rumfar manya. Sai da iska ta bi ta kan hanyar da ke tsakiyar kaina na gane tawa ma tana sama, kuma iyayen ɗalibaina na zaune a layin baya.

Mai faci ya sunkuyo ya ce, "Shi ke nan, Malam. A nema wa gangar ƙusa a bango."

Mai Girma ya miƙe tsaye. Ya dubi gabas, ya dubi yamma, duk huluna ne ake kaɗa masa. Abin da ba mu yi lissafi da shi ba shi ne, bawan Allahn nan bai taɓa zuwa kallon wasanmu ba sai ranar. Ya dafa ƙirji. Ya cire tasa hular ya kaɗa mana. Sannan ya fara taka rawa a hankali, daidai da bugun, kuma a faɗi gaskiya ya iya. Mutanen da ke kewaye da shi duk sun san kiɗan, wasunsu da su aka ƙirƙire shi. Suka dubi juna, suka dubi kujerunsu, suka tashi suka shiga rawa. Babban Mai Ba Da Shawara ya fi kowa kaɗa hula.

Da aka tashi, an ci mu ba mu rama ba, aka aiko Mai Girma na son ganin mai ganga. Yaya ya riƙe hannuna kamar ɗalibin da za a kai ofishin hedimasta. Mai Girma ya rungume shi da zufarsa da komai, ya ce tun da yake bai taɓa ganin ƙauna irin wannan ba, a ce an ci ƙungiya amma jama'a su tashi su karrama shugabansu. Ya ce kiɗan farko bai burge shi ba, hayaniya ce, wannan na biyun shi ne kiɗa. Ya tambaya ko kowa ake yi wa.

Yaya ya dube ni, na dubi takalmina. Sannan ya ce, "A'a, ranka ya daɗe. Shugaba kaɗai muke yi wa."

Nan take aka ba da umarni: ganga ta zauna, a ba ta wuri mai inuwa, kuma a naɗi kiɗan a sa a lasifika, a riƙa sakinsa duk lokacin da Mai Girma zai shigo fili. Babban Mai Ba Da Shawara ya ce dama shawarar da yake shirin kawowa ke nan.

Washegari Yaya ya buɗe shago ya ƙarasa mini aski, sai dai hanyar ta yi zurfi, dole aka kwashe gashin gaba ɗaya. Yana yi yana damuwa, wai in ƙungiya ta fara cin wasa, kiɗan zai fita daga hannunsa, Mai Girma ya ji haushi. Mai faci ya ce ya kwantar da hankalinsa, ya duba tayar baya ta hagu da safe, tana nan yadda take.

Saboda haka ina roƙon masu karatu alfarma, don zaman lafiyar gidana da na kaina. Na tabbata Mai Girma ba ya karanta shafin nan, tunda babu hotonsa a ciki. In kun haɗu da shi a hanya kada ku yi masa bayanin komai. Ku dai ɗaga masa hula, yana jin daɗin abin ƙwarai.