Rasuwar Baƙa, Mai Kwance Ƙulli

Da zuciya mai cike fal da baƙin ciki nake sanar da abokan aiki rasuwar kwamfutata, wadda aka fi sani da Baƙa. Rai ya yi halinsa ranar Talata da hantsi, a kan teburina, bayan gajeruwar jinya. Ta yi shekara goma sha ɗaya tana aiki a ofishin sakamakon jarrabawa na makarantarmu.

Marigayiya mai riƙon amana ce. A rumbun bayananmu kowane ɗalibi lambarsa ce makullinsa. Sunansa da shekarar haihuwarsa da makinsa kuwa, Baƙa ce ke dunƙule su wuri guda ta ajiye, in an kira lamba ta kwance. Tsarin ƙullin ni na ƙirƙiro shi da kaina, ba alamar da ke cewa wannan maki ne, wannan shekara ce, sai jeri kawai. Sau uku ina sauya jerin, ban rubuta a ko'ina ba, Baƙa kaɗai ta san shi. Abokiyar aikina ta yi ta fama da ni in koma tsarin da kowa ke iya karantawa, na ce nawa ya fi ƙanƙanta, ba ya cin wuri. Kaicona!

Ciwon ajalinta ya fara da zazzaɓi. Fankarta ta dinga "fuuu, fuuu", ranar ƙarshe ta ce "ƙit, ƙit", shi ke nan. Mai gyara ya buɗe ta, ya girgiza kai, ya mayar da murfi.

Ta rasu ta bar caja mai ɗaurin roba, da linzaminta, wato maus, da marayu dubu tara a rumbu, wato bayanan ɗalibai. Duk suna nan da ransu, amma ba mai gane su. Jiya na gwada kwance ɗaya da hannu, sai ga yarinya an haife ta a shekara ta 72, ta ci maki 2009 a lissafi.

Ta kuma bar ni. An ba ni canjin wurin aiki, maiɗakina da yara har sun tare a can. Shugaban makaranta ya kulle takardar a durowarsa, ya ce ba inda za ni sai na kwance marayun duka. Wallahi na gaji. A rana ɗaya, guda goma kacal nake iya kwancewa.

Za a yi jana'iza gobe bayan an tashi, a kabad ɗin ƙasa, kusa da tsohuwar firinta. Zaman makoki a teburina ne, kullum daga takwas zuwa huɗu. Wanda bai samu zuwa bana ba kada ya damu, baɗi ma zai tarar da ni.