Ranar da Na Sare Gawon Baba Tanko

Ba zan taɓa mantawa da daminata ta farko a lambun gwaji na wajen Gangara ba, ko da yake wallahi na so in manta. Lokacin ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, na fito lakol, wato makarantar boko, da takarda a hannu, sai hura hanci nake. Ɗan birni ne ni, a rumfar ubana ta kasuwar Maradi na tashi, gero sai a tuwo na san shi. Amma aka ce ni ne mushen lambu, wato malamin gona mai kula da shi.

Lambun na jama'ar gari ne. Ana gwada mangwaro da gwaba da lemo, a ga wanda zai jure rairayi da ƙarancin ruwan ƙasarmu. Ta gabas kuma akwai jerin 'ya'yan gawo, don su tare iska su gyara ƙasa. Wani tsoho, Baba Tanko, shi ya shekara uku yana jan ruwa daga rijiya yana ba su (ni aikina riƙe littafi da nuna yatsa).

Sai takarda ta zo daga buro, ofishin manyanmu, wai babban mushen noma zai zo duba lambu. Na zagaya, komai kore shar, ban da gawon nan. Ba ganye ko ɗaya, sai ƙaya, ga shi tsakiyar damina. Na ce lalle sun mutu, kuma ni za su kunyata. Ran kasuwa da Baba ya tafi, na ɗauki gatari na bi su ɗaya bayan ɗaya, har tafin hannuna ya ɗuri ruwa. Na fa ga cikin icen ɗanye ne (na gani da idona!), amma na ce ai ruwan sama ne ya jiƙa shi.

Washegari baƙo ya iso, maigari da dattawa suna biye da shi. Da muka kai gabas ya tsaya ya ce, "Ina gawon da aka rubuto mana?"

Na gyara tsayuwa na ce, "Sun bushe, ranka ya daɗe. Na kawar da su."

Sai maigari ya dube ni ya ce a hankali, "Mushe, gawo ai da damina yake zubar da ganye, da rani yake kore. Ko akuyar garin nan ta san haka."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Baba Tanko bai dube ni ba. Ya durƙusa da ƙyar yana shafa wani kututture.

Na ce, "Baba, ka yafe mini."

Ya ce, "Za su tofo, ɗana, gawo ba ya mutuwa da sara ɗaya. Sai dai wata shekara ukun ce, ni kuwa ban san ko Allah ya rubuta mini ita ba."

Ba a kore ni ba, kuma da an kore ni da ya fi mini sauƙi. Na ci gaba da zama cikin mutanen da ke gaishe ni da ladabi suna kau da kai. Gawon sun tofo kamar yadda ya faɗa, amma Baba ya rasu kafin su kai tsawon da na sare su.

Yanzu na tsufa, na gaji, takardar lakol ɗin ma gara ta cinye ta. Abin da ya rage mini shi ne, in na ga abu kamar matacce, sai in ajiye gatari in nemi wanda ya sha wahalarsa in tambaye shi tukuna.