Yadda Ake Tare Umarni a Ƙofa Don Sukari Ya Dawo Shayi

Idan 'yarka ta karanci kwamfuta, ta dawo ta dasa manhaja a wayar gida, kullum da safe wayar na ɗaga murya a kicin tana cewa, "Shayin Baba, ba sukari," to wannan darasi naka ne. Bi shi yadda na jera. Na ba ka tabbaci, na'urar da bakinta za ta ce a zuba maka cokali uku. Wani dattijo da na sani ya gwada. Mutum ne mai daraja, ba sai na faɗi sunansa ba.

1. Kada ka yi gardama

Likita ya faɗa, 'yarka ta rubuta, uwargida ta ji. Sun haɗa maka kai. Dattijon nan da farko ya bugi tebur, ya ce shi ya gina gidan. Autarsa, mai kwamfutar, ta ce, "Gaskiya ne, Baba. Shi ya sa muke so ka daɗe a cikinsa." Kai ka kama bakinka tun farko.

2. Kada ka taɓa fayil

Wawa ne ke goge rubutu. Duk ƙarshen mako Auta za ta zo ta buɗe kwamfuta ta duba abin da ta rubuta. Ko ɗigo ya gusa za ta gani. Uwarta ta biyo.

3. San inda ƙofa take

Manhaja ba dunƙule ɗaya ba ce. Ƙunshi-ƙunshi ce, kowanne a ajiye: na magani, na tafiyar ƙafa, na abinci. In ta tashi aiki sai ta aika a ɗauko mata wanda take so. Tsakanin ɗaukowa da karantawa akwai ƙofa. Nan za ka tsaya. Ban yi boko mai nisa ba, amma na tsufa a aikin sito. Kaya ba sa canzawa a kan kanta, a hanya suke canzawa.

4. Sa mai gadi

Tafi wurin mai gyaran waya. Dattijon ya je wajen na bakin titinsu, wanda ake kira Ba-Matsala. Da ya ji bayani sai ya sosa ƙeya.

"Baba, wannan fa aikin Anti mai kwamfuta ne. In ta gane, ni ba na gari."

"Na tambaye ka inda za ka? Rubuta."

Abin da zai rubuta ɗan ƙarami ne, shi ne mai gadin. Shi ke riga manhaja farkawa, ya zauna a ƙofa. In ƙunshin abinci ya zo wucewa sai ya kwance shi, ya nemo sukari, ya mai da sifili uku, ya ɗaure, ya miƙa. Wanda ke ajiye kuwa yana nan yadda Auta ta bar shi.

5. Banda haɗama

Ba-Matsala zai ce, "A rage tafiyar ƙafar ma?" Ka ƙi. Magani kuwa, ko kallonsa kada mai gadin ya yi. Zaƙi kake nema, ba makara ba.

6. Ɗaure fuska

Da gari ya waye wayar ta ce, "Shayin Baba, cokali uku." Uwargida ta tsaya riƙe da butar shayi.

"Malam, ka ji abin da ta ce?"

"Na ji. Ilimi gaba yake yi."

Ta kira Auta. Auta ta zo ta buɗe fayil, ga sifilinta zaune. Ta kashe waya ta kunna, wayar ta sake cewa uku.

"Baba, wa ya taɓa wayar nan?"

"Rubutunki ya canza?"

"A'a."

"To."

A nan kada ka yi murmushi. Dattijon ya yi, kaɗan, ta gefen baki.

7. Tabbatar ƙofarka ce ta ƙarshe

Uwa da 'ya suka shige kicin. Dattijon ya ji ƙus-ƙus, ya ji dariya. Auta ta fito ta yi masa sallama da ladabi, ko mai gadin ba ta kora ba.

Washegari waya ta ce uku. Uwargida ta ce, "To, an ji." Ta kawo kofi gabansa, ta zaro cokalin wasan jikarsu, wanda kansa bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. Ta ƙirga da ƙarfi har uku.

"Wannan ne cokali?"

"Ilimi gaba yake yi, Malam."

Ya koma wurin Ba-Matsala a fusace. Shi kuwa ya ɗaga hannu sama. "Baba, yi haƙuri. Ƙofar kicin kam tun kafin a haife ni aka sa mata mai gadi."

Gargaɗi

Alkawarina na'ura za ta ce uku, kuma har yau tana cewa. Abin da ke cikin kofi, da sakamakon gwajin jini, da kallon da 'yarka za ta yi maka, babu ruwana. Dattijon yana shan shayinsa kullum, kuma ya ce da zaƙi. Kada wanda ya sake tambayata.