Azumin da ya tsaya a Funtuwa

Ba zan taɓa mantawa da tafiyarmu Gombe ba, ko da na so mantawa kuwa ƙawayena na ajin yaƙi da jahilci ba za su bar ni ba. Har gobe in muka haɗu a gidan biki sai wata ta leƙo ta ce, "Yau ma azumin ake?" Ni dai sai in sunkuyar da kai. Ai ni na ba su labarin da bakina.

'Yata ta fari ce ta haihu a Gombe (ba zan rubuta sunanta ba, kun san ta fari ce). Ka'ida ita za ta zo Ƙaura wankan gida, amma aiki aka yi mata, likita ya ce ba ta shiga mota. Sai mijinta, wanda kowa ke kira Injiniya, ya bugo wa maigidana ya ce shi zai zo da kansa ya ɗauke ni. Ni da ban taɓa wuce Gusau ba! Ranar da aka faɗa mini, sai da na zuba wa miya gishiri sau biyu. Jika na farko, ga tafiya a ƙaramar mota mai sanyi, ba a motar haya da ake matse mutum da buhun gero ba.

Maigidana tsohon direban babbar mota ne, saboda haka shi ya zauna ya tsara hanyar, yana zana ta da tsinke a ƙasa. Ya ce ba za mu fita da asuba ba, yadda hanyarmu ta zama yanzu sai rana ta ɗaga, motoci sun fara kai da kawowa. Kuma magariba ba za ta same mu a daji ba. Don haka dole a raba tafiyar biyu: Ƙaura zuwa Gusau, Tsafe, Funtuwa, a kwana Zariya, washegari a miƙe Gombe. A Zariya kuwa akwai yayar Injiniya, Hajiya Babba, wadda ta riƙe shi tun yana ƙarami. A gidanta za a sauke ni.

Nan ne murnata ta gauraya da faɗuwar gaba. Hajiya Babba ta zo bikin auren 'yata, kuma na ga yadda ta riƙa kallon tsakar gidanmu, ga tumaki ga turmi ga rumbu. Ba ta ce komai ba, amma ni uwa ce. Na ƙudurta a raina in na shiga gidanta, sai ta san 'yata daga gidan mutunci ta fito, don kada wata rana a yi wa yarinya gori da mu.

Sai shiri ya kankama. Na daka yajin jego har maƙwabta suna atishawa. Na tanadi kanwa, da gero surfaffe, da man shanu, da daddawa. Na toya hoce, gurasar dawar nan tamu ta Zamfara. Maigida ya sayo zabbi aka yanka, na soya su da kaina na barbaɗe da yaji, don mai jego. Na shiga gida-gida ina sallama da neman gafara, kamar mai tafiya aikin hajji. Wata ta ce in gaishe mata da ɗanta da ke Kalaba in na gan shi. Na ce to. Me na sani, ni a wurina duk can ne.

Da farko da ƙanwata ta Zurmi za mu tafi, ita za ta zame mini baki a mota. Ana saura kaɗan ta aiko cewa hanyarsu ba daɗi a makon nan, mijinta ya hana. Sai yayata, Yaya Kulu, ta iso daga Shinkafi a ranar kasuwa don ta taya ni ɗaure kaya. Ita ba ta doguwar tafiya, amai take tun daga tasha. Tana jin daga ni sai Injiniya za mu tafi, ta ajiye igiyar da ke hannunta.

"Ke, tsaya. To abinci hwa? Gaban surukinki za ki buɗe baki ki tauna?"

"Yaya, ai ina baya, shi yana gaba."

"Baya? Madubin ga da ke saman kainai mi a amfaninai? Shina ganin ki har haƙoranki. In kin ci kuma sai ki sha ruwa, in kin sha ruwa sai ki ce mai, 'Tsaya in zagaya.' Ke! Uwarmu ko tari ba ta yi gaban mijina ba har ta koma ga Allah."

Wallahi ban yi wannan tunanin ba sai da ta faɗa. Muka zauna kamar masu zaman makoki. Can sai dabara ta faɗo mini, har na ji daɗin kaina. Ranar Alhamis za mu tashi. Na ce azumin nafila zan ɗauka. Ba ci, ba sha, ba zancen zagayawa, ga kuma lada.

Yaya Kulu ta dube ni da sha'awa. "Ashe bokon ga naku na tsohuwa shina da amfani."

(Abin da ban lissafa ba shi ne, ɗoki bai bar ni na yi sahur na kirki ba. Kunu kawai na kurɓa, na koma ina sake ɗaure ƙullin da na riga na ɗaure.)

Da hantsi muka tashi. An cika bayan mota taf, har kular zabbin ta rasa wuri, aka ajiye mini ita a ƙafafuna. Injiniya yaro ne mai ladabi, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, na amsa ina kallon bango. Mota ta ɗaga, ni sai baza ido nake, kome na gani sabo ne. Da muka wuce Gusau na ce a raina, to yau ga ni a inda ƙafata ba ta taɓa takawa ba.

Gaba kaɗan ya tsaya shan mai, ya ɗan waiwayo ba tare da ya kalle ni ba.

"Inna, a sayo miki wani abu? Akwai shayi da burodi, akwai lemu."

"A'a, azumi nake."

"Allahu akbar. Allah ya karɓa, Inna."

Na ji wani sanyi a raina, dabara ta ci. Sai kawai na ji ya ɗauki waya.

"Yaya, mun taso. Inna fa azumi take yi, a shirya mata buɗa-baki... Eh, wallahi, da tafiyar da komai."

Ina jiyo muryar Hajiya Babba ta cikin wayar tana ta "Masha Allah". Na gyara zama. Na ce a raina, shi ke nan, ko ban buɗe baki ba an san gidan da 'yata ta fito.

Ku da kuka taɓa soya zabuwa da man gyaɗa kun san ƙamshinta ba ya jin murfi. Motar a rufe, sanyi na kaɗawa, ƙamshin nan ya riƙa tasowa daga ƙafafuna yana shiga hijabina. Tun daga Tsafe cikina ya fara magana. Na yi ta tari don in rufe ƙarar, sai na tuna uwarmu ko tari ba ta yi. Na kama carbi. Ga shingayen jami'an tsaro, kowanne a tsaya, a leƙa, a gaisa. Kafin mu kai Funtuwa ina ganin itatuwan bakin hanya bibbiyu.

A Funtuwa ya tsaya salla. Na yi tawa a gefen mata na riga shi dawowa mota. Na zauna. Na dubi kula. Na ce bari dai in duba kada zafi ya ɓata wa mai jego nama, ai amana ce. Na buɗe. Na ce bari in taɓa in ji ko ya yi yauƙi. Bai yi ba.

Jama'a, ban san lokacin da cinya ta tafi ba. Na ce tunda azumin ya karye, kuma nafila ne, kuma matafiyiya ce ni (duk fatawar nan ni na ba kaina, cikin ƙiftawar ido), bari in ƙara fiffike. Na ɓallo hoce na haɗa. Ina tsakiyar cinya ta biyu na hango shi cikin farar rigarsa ya tsallako titi. Ba damar buɗe gilashi, ban ma san inda ake dannawa ba. Na tattara ƙasusuwan da ragowar cinyar da guntun hocen na ƙulle a haɓar zanina, na saki hijabi a kai.

Ya shigo ya zauna. "Sannu Inna. Azumi da tafiya sai ku, mu yaran yanzu ina za mu iya."

Bakina cike. Na gyaɗa kai.

A nan ya kamata in yi magana. Kalma uku ce: na sha ruwa. Amma yaya zan faɗa wa surukina? Na ce in mun isa Zariya zan ja Hajiya Babba gefe, ko in lallaɓa in zubar da ƙullin kafin kowa ya lura. Sai taya ta yi faci bayan mun bar gari, muka ɓata lokaci wurin mai gyara, shi yana tsaye dab da ƙofata. Ba mu shiga Zariya ba sai da rana ta yi ja.

Ko takalmi ban gama cirewa ba mata suka kewaye ni. Hajiya Babba ta rungume ni, ta ja hannuna har kan darduma a tsakar gida. Ga dabino, ga kunun gyaɗa, ga ƙosai, ga kankana an yanka. Ashe ta gayyato maƙwabta.

"Ku matso, ku matso. Ga baƙuwarmu daga Zamfara. Mai azumi kuma matafiyiya, addu'arta ba ta faɗuwa ƙasa. Hajiya, kafin a kira salla ki sa mana albarka."

Wata ta ce a sa da 'yarta mai jarrabawa. Wata ta ce mijinta ƙafa ke damunsa. Injiniya ya tsuguna can bakin ƙofar zaure, ya ɗaga hannu. Na buɗe baki in faɗi gaskiya, Allah ya sani, sai na ga idanun nan duka a kaina. Na ɗaga hannu ni ma.

Ina cikin "Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya" na ji wani abu mai laushi yana goga mini cinya. Kyanwar gidan ce, wata ja mai ƙiba. Na ɗan ture ta da gwiwa. Ta dawo. Na ƙara murya. Ta cusa kai ƙarƙashin hijabina. Na ji tana ja, ni kuma hannuwana suna sama, ba damar saukewa, mutane suna ta amin. Sai ga ta ta fito da cinyar zabuwa, da shatin haƙorana a jiki, ta zauna a tsakiyar darduma ta fara ci.

Amin ɗin ya yanke.

Hajiya Babba, Allah ya saka mata, ta yi ƙoƙari. "Kai, wannan ɓarauniyar! Daga gidan wa kuma ta ɗauko?" Ta cire takalmi za ta jefe ta. Ni kuma na zabura in gyara zani, ashe kyanwar ta riga ta sassauta ƙullin. Ƙasusuwa suka zubo, ƙwaras. Guntun hocen ya gangara, ya gangara, bai tsaya ba sai a jikin farantin dabino.

Na ce a hankali, ina kallon ƙasa, "Hajiya, kada ki doki baiwar Allah. Nawa ne. Azumin dai a Funtuwa ya tsaya."

Wadda mijinta ke ciwon ƙafa ce ta fara fashewa. Sai gidan ya ɗauka. Hajiya Babba ta zauna daɓas tana dariya tana share hawaye da gefen mayafi. Na saci kallon ƙofar zaure, Injiniya ya juya baya yana nazarin bango, kafaɗunsa na rawa.

Ana kiran salla sai na ga ya ɗauki kofin ruwa ya shanye, ya ƙara, ya ƙara. Hajiya Babba ta ce, "Kai kuma lafiya? Kai ma azumin ne?"

"A'a Yaya. Na karya da safe a Ƙaura. Amma Inna na azumi, ta yaya zan ci a gabanta? Ko a masallaci na kasa shan ruwa, sai na ji kamar tana gani na."

Wannan ta fi kyanwar zafi. Yaro ya yini yana tuƙi ga wahalar taya, ko ruwa bai sha ba, shi ba lada ba, ni ba azumi ba.

Bayan an watse Hajiya Babba ta zauna kusa da ni, ta tura mini kwanon tuwo. Ta ce, "Wallahi tun da aka ce mini azumi kike a hanya nake fargaba, na ce wannan waliyyiya ina zan iya da ita? Ashe irinmu ce. Ci, don Allah. In ce dai zabuwar da saura?" Da saura. Tare muka taɓa wa mai jego wata cinyar, muka yi hira kamar mun shekara da sanin juna.

Da safe da muka kama hanyar Gombe, muna fita gari na buɗe kular, na miƙa hannu ta tsakanin kujeru ina kallon taga. Ya karɓa yana kallon titi. Ya juya madubin nan sama. Kowa ya ci nasa, ba wanda ya ga wani.

Abin da na koya ba shi da yawa. Kunya ado ce, amma ba a yin guzuri da ita. In kuwa har sai ka ɓoye ƙashi a jikinka, to kafin ka yarda da gidan da za a kwana, ka tambaya ko suna da kyanwa.