Shamuwa Tana Kamaru

"...da gajiya, Sarkin Gantali? Ya mutanen sama, sun kwana lafiya?"

Ruƙayyatu ke nan a ƙofar gidan taubashinta Tsoho, a Nassarawo, da safiyar Asabar. Ita 'yar namiji ce, shi ɗan mace, don haka tun suna yara take kiransa bawanta. Tun da ya yi ritaya daga koyarwa ya sayi madubin hangen nesa, kowace Asabar sai ya hau babur ya tafi kallon tsuntsaye. Mutum da furfurarsa. Shekara guda tana yi masa dariya, yau ga shi ita ce ta zo da buƙata. Bara ruwan farko ya yaudare ta, ta shuka gyaɗa a gonarta ta Vimtim, can kusa da iyakar Kamaru, irin ya ƙone ƙurmus. Bana ta rantse ba ƙwayar da za ta shiga ƙasa sai shamuwa ta iso. An yi ruwa sau biyu, maƙwabta sun shuka, ita tana zaune da iri a buhu.

"Lafiya lau, baiwar gidanmu," in ji Tsoho yana goge madubin. "Sai dai ba gantali sunansa ba. Kiwo nake fita."

"Kiwon me? Ko akuya ba ka da ita."

"Kiwon sama. Garkena ya fi na Ardo Gabdo, kuma ba ya cin gonar kowa."

"Garken da ba nono ba nama. Farautar ido dai, a dawo da ƙaiƙayin wuya. Jiya matarka ta ce ka tafi gaida surukai, ashe balbelu take nufi."

"Sun fi ki iya karɓar baƙo. Me ya kawo ki?"

Ta gyara mayafi, ta kalli gefe. "Shamuwa. Ta zo?"

"Au, yau garken ya yi nono?"

"Bawa ba ya tambayar uwar ɗakinsa dalili. E ko a'a?"

"Ta zo. Shekaranjiya na gan su."

"Idon ɗan mace? Kai da ka taɓa yi wa buhun gawayi sallama a kasuwa."

"To hau mu je. Amma duk wanda ya hau babur ɗin nan sunansa ɗan kiwo."

"Ni duba-gari zan je, in ga aikin bawana."

Suka ɗauki hanyar Vimtim, ta riƙe ƙarfen baya tana mita. A bakin mayo, wato rafi, ya tsaya, ya nuna mata wata tsamiya can tsallaken rafin, ya miƙa mata madubin. Ta fizge, don ba za a ce ɗan mace ya koya mata riƙon abu ba. Ta kafa a ido, ta leƙa tsamiyar. Sai ta ɓata fuska.

"Na gan su, mitsi-mitsi kamar ƙudaje. Amma Tsoho, waɗannan ai ba su shigo Najeriya ba. Suna Kamaru. Kafin su iso sai sati biyu, ƙasa ta bushe."

Tsoho ya zauna a kan dutse ya riƙe ciki.

"Dariyar me? Irina kake wa dariya?"

"Ranki ya daɗe, ta gindi kika riƙe."

Ya juya mata shi. Sai ga shamuwa a gaban hancinta, baƙin baya, farin ciki, da kara a baki tana gyaran sheƙa. Ruƙayyatu ta ja da baya har ta taka takalminta.

"Yanzu suna ina?" in ji shi.

"Sun wuce kwastan."

"Su nawa?"

"Bakwai. Tsaya, takwas. Waccan ta ƙasa ba ta aikin komai, ita ce 'yar mace."

"Abin da kike yi yanzu fa, me sunansa?"

Ta yi kamar ba ta ji ba. Gobe da sassafe za ta shuka, wannan ta gama yanke shi a ranta. Ta kwance bakin mayafi, ta ciro goro fari, ta ajiye masa a gwiwa ba tare da ta sauke madubin ba.

"Kiwo ne," ta ce tana dariya. "Ungo ladan makiyayi. Matsa, kana tare mini garke."