Masaukin Tsoho Tokuji a Osaka

"...lafiya ƙalau, sai dai mamakin ganin ki," in ji tsoho Tokuji, yana tsaye a bakin ƙofa da almakashin tsinkar lemo a hannu. "Wata huɗu cur! Na ɗauka jirgin ƙasa ya daina tsayawa a Arida."

"Ni kuma na ɗauka zan tarar an rataye hotonka a bango ana kunna masa turare," in ji jikarsa Chizuru, tana cire takalmi. "Ashe kana nan, Jiichan, kakana. Har lahira ta ƙi ka."

"Ta aiko. Na ce ta dakata sai ranar da kika dafa shinkafa ba ta caɓe ba. Kin ga ke nan ina da sauran shekara ɗari."

Haka suke tun tana 'yar shekara shida, lokacin da hatsarin mota ya ɗauke iyayenta aka kawo ta wannan gida na gefen dutse, cikin gonar lemo. Shi da matarsa suka raine ta. Matar ta rasu shekara takwas da suka wuce. Yanzu Chizuru ma'aikaciyar jinya ce a Osaka, ta kuma samu miji, wani Ryosuke, ɗan gidan Kashiwagi masu kamfanin ƙera kayan inji. Saura mako biyu dangin biyu su zauna su ci abinci tare a tsayar da magana. Daga ɓangaren amarya kuwa dangi kaf mutum ɗaya ne, shi ne wannan tsoho mai shekara saba'in da tara.

Suka zura ƙafafu ƙarƙashin bargon teburin ɗumi. Ya zuba mata shayi. Ko kurɓa ba ta yi ba ta ciro waya ta tura masa gabansa.

"Otal uku na ware. Zaɓi ɗaya."

"Otal na me? Wa ya ce miki ba ni da gida?"

"Gidanka a Osaka yake? Duba wannan. Kusa da tashar Umeda. Hawa na talatin da takwas, bango guda gilashi ne, birni duk yana ƙarƙashin ƙafarka."

Tokuji ya ɗora tabarau a hanci, ya duba, ya cire.

"Ni shaho ne?"

"Da bakin nan naka, ka fi kama da hankaka."

"Talatin da takwas! In ƙasa ta girgiza fa? Kafin na sauko hawa goma an gama addu'ar kwana arba'in da tara."

"Kai da kullum kake bisa tsani kana lilo kamar tsumman shanya?"

"Tsanina mataki tara ne, kuma na san wanda ya ƙera shi, na san ubansa. Wa ya gina wannan? Kin san ubansa?"

Chizuru ta ja tsaki, ta shafa wayar.

"To ga na biyu. Bakin kogi, a Nakanoshima. Kana sauka daga mota wani mai farar safar hannu zai buɗe maka ƙofa, ya karɓi jakarka."

"Ya karɓi me? Ni da na ɗauki kwandon lemo biyu a kafaɗa na gangaro dutsen nan shekara hamsin? Ya taɓa jakar ya gani. Kuma mene ne wannan a tsakar ɗaki?"

"Wurin wanka."

"Da gilashi? In tuɓe in shiga akwati kamar kifin ado, duk wanda ya kawo shayi ya tsaya kallo?"

"Kwantar da hankalinka. Babu wanda zai biya kuɗin mota ya zo kallon busasshen kifi."

"Busasshen kifi! Yarinya, a zamanina in na shiga teku a bikin bazara, mata sai sun bar abinci a wuta ya ƙone."

"Gudu suke yi, Jiichan. Baachan ta gaya mini."

"Kakarki kishi ne ya sa ta ƙarya. Wannan gadon kuma fa? Ya kai gonar maƙwabcinmu Matsuo faɗi. Mutum ɗaya zai kwana a nan, ko da shanunsa?"

"Don in ka yi minshari ya samu wurin zagayawa."

Ya ture wayar da yatsa ɗaya, kamar mai ture mataccen ƙwaro.

"Akwai masauki a bayan unguwar Tennoji. Can muka sauka da kakarki. Tabarma mai tsabta, tsohuwa mai gasa kifi da kanta, wanka a gidan wankan unguwa. Can za ki kama mini."

"Na je na duba. An rushe shi tun kafin a haife ni. Wurin ajiye motoci ne yanzu. In kana so sai na kama maka layi ɗaya, tsakanin baƙar mota da fara."

"To in kwana a ɗakinki."

"Ɗakina faɗin tabarma shida ne kacal. In ka miƙe ƙafa sai ta shiga gidan maƙwabta."

"To in hau jirgin safe, in ci abincinsu, in dawo da na yamma. Bishiyoyina ba su saba kwana ba ni ba."

"Bishiyoyinka hutu za su samu. Ka bar wannan gardama, ga na uku. Kuma in mun isa ranar Juma'a za mu tsaya a kanti a auna ka, a saya maka sabuwar kwat, a gyara maka wannan gashin."

A nan ne wasa ya tsinke wa Tokuji. Ya dubi hannayensa a kan tebur, fatar ta tsattsage, ƙasa da ruwan ɓawon lemo sun shiga tsagar sun zauna, babu sabulun da ya taɓa fitar da su. Otal na sama, mai ɗaukar jaka, sabuwar kwat, aski.

"Chizu," ya ce, muryarsa ta sauka. "Faɗa mini gaskiya. Wanke ni kike so ki yi, ki goge, ki saka a kwali mai kyau kamar lemon kyauta, don kada masu kamfani su gane daga inda kika fito? In kunyata kike ji, ki ce musu kakanki ba shi da lafiya. Ba sai kin ɓata kuɗinki ba."

Chizuru ta buga tafin hannu a tebur, har shayi ya fantsama.

"Kunyarka? Ni? Kai tsohon nan, ashe ba kunnenka kaɗai ya toshe ba, har kanka!"

"Ki iya bakinki."

"Ba zan iya ba! Ka san abin da uwar Ryosuke ta ce mini ranar Lahadi? Da murmushinta, da taushin murya, tana zuba mini shayi. Ta ce, 'Ku kawo mana tsohon gida, akwai ɗan ɗaki a baya wajen kicin. Za mu tura direba tasha, kada bawan Allah ya ɓata a birni.' Na sunkuya na yi godiya. Na shiga jirgi ina kuka don haushi har na wuce tashata."

Tokuji ya zuba mata ido. Sannu a hankali kunnuwansa suka yi ja.

"Ɗaki a baya."

"Wajen kicin."

"In ɓata. Ni. A Osaka."

"Haka ta ce."

"Ni da na yi shekara talatin ina kai lemo babbar kasuwa da tsohuwar motata, tun kafin matar nan ta iya riƙe tsinken cin abinci! Lemon da ta ci ta girma har ta samu bakin magana, wa ta sani ko nawa ne!"

"Shi ya sa nake so ka sauka inda su za su zo wurinka," in ji Chizuru, tana share ido da bayan hannu. "Su cire takalmi a ƙofarka. Kai ne mai masauki, su ne baƙi. Shekara biyu ina tara wannan, ba don su ba, don kai. Kai kuma kana nan kana mini wa'azin tsani."

Tsohon ya jawo wayar gabansa da hannu biyu, ya mayar da tabarau.

"Nuna mini na ukun."

Na ukun yana kallon tsohuwar fadar birnin. Ɗakin tabarma ne shimfiɗe, ƙofofin takarda, ga ɗan lambu da duwatsu da ruwa mai gudu, ga kuma falo na musamman inda ake kawo wa baƙi abinci kala-kala. Tokuji ya daɗe yana kallo, yana taɓe baki.

"Bishiyar nan ta lambu an yi mata mugun aski. Wanda ya yi ya cancanci bulala."

"Ka ga ka fara."

"Kuma falon ya yi ƙanƙanta. Babu wanda ya fi shi?"

"Ɗazu gado ya yi maka faɗi, yanzu falo ya yi maka kaɗan?"

"Ɗazu kwana za a yi. Yanzu yaƙi ne. Kama shi. Amma kwat, ki bar wa mijin naki mai wuya kamar na zalɓe."

"To da me za ka je? Da rigar feshin magani?"

Tokuji ya cire tabarau. Ya miƙe da ƙyar, gwiwoyi suna ƙara, ya shiga ɗakin ciki. Ta ji yana jan aljihun tsohon akwatin katako yana tsine wa duk wanda ya ƙera shi. Da ya fito, a kafaɗarsa akwai baƙar rigar siliki ta mahaifinsa mai tambarin gidansu a baya, a hannunsa kuma wani abu naɗe cikin farar takarda. Ya jefa mata a cinya.

Ta buɗe. Ɗamarar kakarta ce ta siliki, ruwan zuma, wadda ta ɗaura ranar aurenta. Chizuru ta shafa ta, hawaye ya zubo mata.

"Kada ki jiƙa ta da majina," in ji Tokuji. "Ki ɗaura, ko a samu abu ɗaya mai kyau a jikinki. Kuma kwana biyu za ki kama, ba ɗaya ba."

"Kwana biyu? Bishiyoyin fa?"

"Su yi haƙuri." Ya zauna, ya sunkuyo kusa da ita, ya rage murya kamar uwar Ryosuke tana laɓe a bayan ƙofa. "Ranar farko ki zaga da ni, ki nuna mini hanya daga falon nan zuwa bayan gida da dawowa, sau goma. In na ɓata a gaban matar nan, gara ki bar ni a can."

Chizuru ta kifa fuska a kan tebur tana dariya har da shessheƙa. Tsohon ya yi ƙoƙari ya ɗaure fuska, ya kasa, shi ma ya fashe.